Ƙafafun Tankin Hauwa'u

A Ƙofar Ran, bayan masallacin unguwa, akwai tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe huɗu dogaye masu koren fenti. Ba a rubuta sunan kowa a jikinsa ba, amma duk wanda ka tambaya zai ce maka tankin Hauwa'u ne. Hauwa'u ta rasu. Mijinta, Malam Ya'u mai walda, shi ya ƙera ƙafafun da hannunsa, ya ɗora tankin, ya ce ladan nata ne.

Ya'u Bafulatanin gari ne. Kakansa ya shigo Bauchi da shanu, ubansa ya sayar da su, shi kuma ya buɗe ido bai san komai ba sai wuta da ƙarfe. Mai tsanani ne a kan aiki, kuma yana ji da kansa, domin ba a taɓa dawo masa da ƙofar da ya yi ba. Idan ya gama haɗi, sai ya ɗauki 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa, ya karkata kunne. Walda mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ta yi ƙwas ta mutu. Da wannan kunnen ya ci abinci fiye da shekara talatin.

Doka ɗaya ce a shagonsa wadda ba a roƙo a kanta: ba a zuba wa walda ruwa tana da zafi. Masu gaggawa suna yi, don ƙarfe ya huce da wuri su sallami mai kaya. Ya'u ya kori ma'aikata da dama a kan haka. Yakan ce ƙarfen da aka firgita da ruwa taurin banza yake yi, ya koma kamar tangaran, a ido lafiya lau, ciki kuwa ya riga ya karye. Ya san wannan kamar yadda ya san sunansa.

Lokacin da Hauwa'u take raye, rijiyar burtsatsen masallacin ba ta da tanki. Sai rana ta ɗaga injin sola ya ja ruwa, mata su yi layi da bokitai. Rana na karkata famfo ya ƙafe, a watse da faɗa. Ta sha ce masa, "Malam, ka yi wa rabin garin nan ƙofofi, amma ka kasa yi wa matan unguwarku wurin ɗora tanki." Shi kuma ya ce, "Bari in samu sarari." Bai samu ba. Ta je Hajji, ta dawo da ciwo a ƙirji, ba ta ga damina ta gaba ba.

Ta zo da zamzam, ta raba wa dangi da maƙwabta, ta rage wata 'yar kwalba ta naɗe da ɗankwali ta sa a ƙasan akwatinta. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne, sai ta kira shi ta nuna masa. Ta ce ta Ni'ima ce, 'yarsu guda ɗaya da ta rayu. Ranar da Allah Ya kawo haihuwarta ta fari, a ba ta ta sha, tunda ita ba za ta kasance a wurin ba. Ya ce ya ji.

Bayan addu'ar arba'in ya fara aikin da ya yi ta ɗagawa. Ya je wurin 'yan gwangwan ya zaɓo tsoffin bututan haƙar rijiya, masu kauri da nauyi, ya ƙi yarda kowa ya taya shi waldar. Ranar da zai haɗa ƙafafun da farantan ƙarfen da aka dasa cikin siminti, sai ya fito da kwalbar a aljihu. Abin da ya gaya wa zuciyarsa shi ne, aikin nan nata ne, ya kamata wani abu nata ya shiga ciki. Yana gama haɗin farko, ƙarfen na ja wur, ya yi bismilla ya tsiyaya. Tururi ya tashi da huci ya daki fuskarsa. Ya bi ƙafa ta biyu, ta uku, ta huɗu, har kwalbar ta ƙare. Ya goge, ya shafa fenti, bai gaya wa kowa ba.

Ruwan ba shi da laifi, ruwa ne mai albarka. Amma don cikin mutum aka ba shi ajiyarsa, ya kai shi jikin ƙarfe, kuma ya kai shi a daidai lokacin da shi da bakinsa ya hana. Baƙin ciki ba ya goge wa mutum abin da ya sani. Kawai yana ba shi hujjar kau da kai.

Wannan ne aikinsa na ƙarshe. Wutar walda ta daɗe tana cin idonsa, ƙarar injin gogar ƙarfe ta daɗe tana cin kunnensa, hannun kuma ya fara rawa. Ya rufe shago, ya kafa benci a inuwar katangar masallaci, ya zama ba shi da aiki sai kallon mata suna ɗiba. Tun asuba har dare famfo na zuba. Wadda ta cika bokitinta takan ce, "Allah Ya kai haske kabarin Hauwa'u." Ko bai ji ba yana ganewa daga motsin baki, ya amsa da amin. Wannan addu'ar ita ke riƙe da shi. A ransa kowane bokiti yana isa gare ta, kuma muddin ruwan na zuba, yana rama jinkirin da ya yi mata.

Wani attajiri a Kasuwar Muda Lawal, Alhaji Nu'uman, ya sha aiko wa Liman Abdulsalami cewa yana so a sauke wannan tankin ya kafa babba, ladan ya tafi ga mahaifinsa. Filin ba zai ɗauki tanki biyu ba. Ya'u ya ce sai dai bayan ransa, Liman kuma ya ajiye maganar.

A bazara ta uku, lokacin da rijiyoyin gidaje suka ƙafe layi ya kai bakin titi, Ni'ima ta sauka daga keke mai ƙafa uku ta zo gaishe shi. Tana aure a Inkil, tana koyarwa a jami'a, aikinta kuwa gano tsaga a jikin ƙarfen gadoji da tankunan mai ta hanyar sauraro da na'ura. 'Yar fari ce, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Tun da ta gama karatu yake ce mata Injiniya, rabi alfahari rabi zolaya. Ta yi nauyi, kowa na gani, amma ba maganar da ake yi tsakanin uba da 'ya ba ce. Duk sa'ad da idonsa ya kai kan cikin, sai ya tuna kwalbar, ya mayar da kallonsa kan famfo.

Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe shi. Daga nan ƙasan ne ta hango wani siririn layi na tsatsa ya fito daga ƙarƙashin fenti a gindin ƙafar tanki, ya gangara kamar hawaye. Ta matsa, ta kankare da farce. Ta zagaya sauran ƙafafun, ta tarar biyu suna da irinsa.

"Baba, yaushe wannan ya fara?"

"Me kika ce?"

Ta ɗaga murya. "Tsatsar nan ta bakin walda!"

"Ruwa ne ke fallatsa. Matan nan ba su iya ɗiba ba, rabi a bokiti rabi a ƙasa."

Hajja Yagana tana kan layi, tsohuwar Babarbariya mai sayar da turaren wuta, aminiyar marigayiya. Tsakaninta da Ya'u akwai wasan Barebari da Fulani, ba ta raga masa. Ta ce, "Ku ji mini bawana! Mu ne ba mu iya ɗiba ba? Kai da kakanka a ƙorama yake kafa baki tare da shanu."

Ya'u ya sa aka maimaita masa, sannan ya ce, "Ke dai cika jarkarki ki ba mutane wuri, baiwar Fulani. Ruwan ubangidanki kike sha kina masa tsiwa."

Matan suka kwashe da dariya. Ni'ima ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, idan tsatsa ta fito a layi ɗaya haka, a gefen walda, yawanci akwai tsaga a ƙasa. Ka bar ni in kawo na'ura in saurara."

Ya shiga gida, ya fito da 'yar gudumar. Ya ƙwanƙwasa ƙafa ta farko, ya karkata kai kamar da. Ya bi duka huɗun. Gaskiyar magana, abin da ya ji bai wuce wani dum-dum daga nesa ba, kamar ana daka a wata unguwa. Ya miƙe ya ce, "Lafiya lau suke."

Yagana ta ce, "Kai da ladan ke kiran salla a bisa kanka sai an taɓa ka? Ƙarfen nan ko ihu ya yi ba ji za ka yi ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, don kowa ya ga yadda fuskarsa ta canza.

Ni'ima ta so ta yi ƙasa da murya, sai ta tuna ba zai ji ba, dole ta ɗaga a gaban mutane. "Baba, mata suna tsayuwa a ƙarƙashinsa. 'Yan Islamiyya a nan suke alwala. Idan ƙafa ɗaya ta saki yana cike..."

"Kin san abin da zai biyo baya in kika ce da matsala? Kafin la'asar Liman ya kira Alhaji Nu'uman. A sauke na uwarki a kafa na uban wani. Ke za ki yi mata haka? Ke?"

"Ban ce a sauke ba. Cewa na yi in saurara."

"Tun ba a haife ki ba nake sauraron ƙarfe."

Ya juya mata baya. Ta share ido da gefen mayafi, ta wuce zauren Liman. Ya'u ya ga shigarta, kuma ranar ya ji haushin 'yarsa irin wanda bai taɓa ji ba. Ba don ta yi ƙarya ba ne. Don tana neman taɓa wurin da shi kansa ya ƙi taɓawa ne.

Bayan la'asar Liman Abdulsalami ya zo ya zauna kusa da shi a benci. Mutum ne mai sanyi, amma ba ya kwana-kwana. Ya ce, "Malam Ya'u, ni ban san ƙarfe ba. Amma in wani abu ya faɗo kan 'ya'yan mutane, ni za a fara tambaya, nan da can. Bari yarinya ta gwada. In ta ce lafiya, na yi maka alkawari ba za a ƙara kawo maganar Alhaji ba."

Saboda wannan alkawarin Ya'u ya yarda.

Ran Asabar da hantsi ta zo da jakunkuna, mijinta Musaddiq na biye da ita. Tun jiya aka kwashe ruwan tankin, aka ɗaure famfuna, aka ja igiya aka mayar da mutane baya. Ta kankare fenti a wurare, ta shafa ɗan giris, ta manna wasu ƙananan abubuwa kamar marfin kwalba masu maganaɗisu, kowanne da wayarsa zuwa wani akwati da kwamfuta. Ita ta sa na gindin ƙafafu. Musaddiq ya hau tsani ya sa na sama, wurin sandunan da suka gitta.

Yagana ta leƙo daga bayan igiya. "'Yata, waɗannan ƙwayoyin kuma na mene ne?"

"Kunnuwa ne, Hajja. Idan ƙarfe yana tsagewa yana yin ƙara, amma siririya ce ƙwarai, kunnen mutum ba ya kama ta. Waɗannan suna kamawa, akwatin ya mayar da ita yadda za a ji. Yanzu tankin ba komai, ƙafafun hutawa suke yi. Za mu kunna inji ruwa ya riƙa hawa. In waldar lafiya take, za ta ɗauki nauyin ta yi shiru. In da tsaga, nauyi na ƙaruwa tana buɗewa, za mu ji ta."

"To in kin gama ki bar wa ubanki guda biyu ki manna masa."

Ni'ima ta yi murmushin da bai kai zuci ba.

Aka kunna inji, ruwa ya fara hawa. Ya'u na zaune a bencinsa, hannu a kan gwiwa, yana kallon fuskarta, don ya san a nan zai karanta hukuncin. Ta sa abin sauraro a kunne, idonta a kan kwamfuta. Da farko fuskar a sake take, har ya fara jin sanyi a ransa. Da ruwa ya wuce rabi, sai ya ga ta daina ƙifta ido. Ta danna wani abu, ta sake saurara, ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai.

Ta taso da abin sauraron a hannu, doguwar wayar na binta, ta durƙusa gabansa. "Baba, ba ni zan gaya maka ba. Kai ne mai aikin. Ka ji da kanka."

Ya so ya ƙi, amma unguwa duka na kallo. Ta ɗora masa a kai, ta ƙure ƙarar.

Ya daɗe rabonsa da jin wani abu tas. Duniya ta jima tana zuwar masa kamar daga bayan bango. Yanzu ga sauti a tsakiyar kansa, sarai, ba hayaniya: ƙas, ƙas, ƙas-ƙas. Kamar wani yana taka busasshen kara a hankali.

Ta nuna masa ƙafar da ke kusa da masallaci, alamar ita yake ji. Ta danna, ta nuna ta biyu. Wannan ta fi sauri. Ta uku ma haka. Ta huɗu, wadda ko tsatsa ba ta nuna ba, ita ma tana yi. Sannan ta ɗaga hannu sama, wurin sandunan da suka gitta, ta danna. Shiru. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, babu sandar da ta ce uffan.

Duk inda ya bar ƙarfe ya huce da kansa, shiru. Duk inda ya zuba ruwan, kuka.

Ta janye gefe ɗaya na abin sauraron, ta kai bakinta kusa da kunnensa don kada jama'a su ji. "Abin da ban gane ba ke nan, Baba. Hannu ɗaya ne, bututu iri ɗaya. Na sama ba abin da ya same su, ban taɓa ganin walda mai tsabta irinta ba. Na gindin kuwa duka huɗun, kamar an zuba musu ruwa suna da zafi. Ruwan sama ne ya kama ka ranar? Ko wani ya taya ka?"

Ta buɗe masa ƙofa biyu, kowace ya bi za ta yarda. Ruwan sama ba zai zo ya ƙaryata shi ba. Ya dubi cikin nata, a karo na farko bai kau da ido ba.

"Ba ruwan sama. Ba wanda ya taya ni. Ni na zuba."

"Kai, Baba? Kai da ka kori yaron shagonka Babayo a kan kofi ɗaya na ruwa?"

"Zamzam ne. Na uwarki. Kwalbar da ke ƙasan akwatinta."

Ya ga bakinta ya buɗe, ya rufe. Ta ce, "Wadda Inna ta ce..." Ba ta ƙarasa ba.

Ashe ta sani. Ashe Hauwa'u ta gaya mata ita ma.

"Na roƙi Hajja Yagana ta tambaye ka ita in lokaci ya matso," in ji Ni'ima. "Ni na kasa." Ta dube shi. "Ba ko ɗigo?"

"Babu."

Ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta zauna dirshan a ƙasa da tsohon cikinta, ta dafa da hannu ɗaya, tana kallon gindin ƙafafun nan, hawaye na bin fuskarta ba ta sharewa. Duk tsawon lokacin nan yana zaune yana gadin ƙarfe da sunan matar da ta mutu, ga 'yar matar da rai, ya cinye mata abu ɗaya da uwarta ta bar mata.

A ɗaya kunnen ƙarar ba ta tsaya ba, don Ni'ima ta mayar da na'urar kan ƙafafu kafin ta yi magana. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, yanzu kamar an watsa gishiri a wuta. Sai a lokacin ya tuna inji na ci gaba da tura ruwa. Ya miƙe zumbur ya daka tsawa, "A kashe injin nan! A kashe!" Musaddiq ya ruga ya kashe.

Liman ya tsallako igiya. Ya dubi uba, ya dubi 'ya, bai tambayi abin da ya sa take kuka ba. Ya ce, "Malama Ni'ima, yana gyaruwa?"

Ta share fuska. "Ɗora walda a kan tsagar rufe ido ne kawai, Malam. Sai an sauke tankin, an yanke gindin duka, an sake da sabon ƙarfe."

"A bazarar nan mutane ba za su iya jira ba. Alhaji ya ce kayansa a shirye suke."

Ni'ima ta ɗaga kai ta dubi ubanta. Yana tsaye, abin sauraro a karkace a kansa, ya koma ƙaramin tsoho cikin 'yar shara. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce wa Liman, ba ta kalli idonsa ba, "Idan ba a bari ruwan ya wuce rabi ba, wataƙila tankin ya kai damina. Kafin nan sai a san yadda za a yi."

Ya'u bai ji ba. Ya ce a maimaita. Liman ya maimaita masa a kunne.

Zuciyarsa ta yi tsalle ta kama maganar. Rabin tanki ma ruwa ne. Mata za su ci gaba da zuwa, addu'ar za ta ci gaba da tafiya, kuma ba shi ya faɗa ba, Injiniya ce ta faɗa. Amma ya san wannan "wataƙila" ɗin. Irinta ya yi wa kansa ranar da ya tsaya da kwalba a kan jan ƙarfe. 'Yarsa ce, a gabansa, take shirin ajiye abin da ta sani saboda tausayin wanda take so.

Ya sunkuya kusa da ita. "Injiniya, haka kike koya musu a makarantar?"

Ta girgiza kai.

"In gadar wasu ce kika ji tana wannan kukan, me za ki ce?"

"A rufe ta yau."

"To, kada ki yi abin da na yi. Ni kaɗai na isa." Ya juya ga Liman. "Malam, a kira Alhaji Nu'uman."

Ya cire abin sauraron ya miƙa mata. Ya hana kowa matsowa, ya shiga ƙarƙashin tankin shi kaɗai, ya kwance famfo ɗaya, ya sa masa tiyo, ya jawo bakinsa har bayan igiya, nesa da ƙafafun. Ya ce, "Ku zo ku ɗiba. Ku kwashe shi duka, kada ku bar komai."

Mata suka yi layi. Ba tsiwa, ba ture-ture. Shi ya riƙe tiyon da hannunsa mai rawa, yana cika wa kowace, yana kallon bakinta. Kowace ta faɗi addu'ar. Da ya zo kan Yagana, ta ajiye jarkarta, ta kama kafaɗarsa, ta kai baki kunnensa ta faɗa da ƙarfi don ya ji da kunne ko sau ɗaya ne: "Allah Ya kai haske kabarin Hauwa'u." Ta tsaya kamar za ta ƙara da zolaya, sai ta ce kawai, "Sannu, bawana," ta ɗauki jarkarta.

Da ruwan ya fara tsinkewa, ya tari moɗa ɗaya. Ni'ima na ciccire kunnuwan na'urarta. Ya ce ta dakata, ta ƙara sa masa abin sauraron. Ta sa. Ta bi ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya.

"Sun yi shiru," in ji shi.

"Eh, Baba. Ba nauyi a kansu."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa mata moɗar, rabi ya zube a hanya. Ta dubi ruwan, ta dube shi.

"Ba shi ba ne, Baba."

"Na sani."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismilla, ta shanye. Ta mayar masa da moɗar, ta durƙusa ta yi masa sallama yadda ta saba, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ƙara ba. Musaddiq ya tare keke, suka sa jakunkuna, suka kama hanyar Inkil.

Ya'u ya koma bencinsa. Da rana ta karkata, wata mata daga wata unguwa, wadda ba ta ji labari ba, ta zo da bokiti. Ta tsallake igiya, ta murɗa famfo, ta jira. Ta sake murɗawa. Ta ɗaga kai ta dubi tankin, ta ɗauki bokitinta ta juya. Ya bi bakinta da kallo har ta sha kwana. Bakin bai motsa ba.